Baba Mai Shebur Ya Samu Kujera

Kafin masu shago su buɗe ƙofa, Baba Mai Shebur ya riga ya shiga kwata. Takalmin roba har gwiwa, yana kwaso leda da yashi da duk abin da muka watsar muka juya baya. Shekara talatin da ɗaya ke nan. Mu kuwa sai mu toshe hanci mu wuce, mai kirkin cikinmu ne ke cewa sannu.

Yana da wata ɗabi'a da muka daɗe muna yi wa dariya. Duk damina, da ambaliya ta janye, sai ya ɗauki fenti ya ja layi a bangon gadar unguwarmu daidai inda ruwa ya tsaya, ya rubuta shekarar. Matarsa takan ce, "Malam, ruwan da ya cinye mana katifa ne kake yi wa rajista?" Shi kuma ya ce, "Bari dai, wata rana za a tambaya."

An kuwa tambaya. Bara aka kafa kwamitin ba da shawara kan ambaliya da sauyin yanayi. Wata injiniya a cikinsu ta ga layukan nan, na baya-bayan nan duk sun haura na da, ta sa aka kai wa mai zanen takardar gayyata.

Ranar zaman farko ya tafi da sheburinsa, don a rayuwarsa ofis bai taɓa kiransa ba sai in kwata ta toshe. Maigadi ya nuna masa kwatar bayan ginin, ya faɗa ciki. Can injiniyar ta same shi.

"Baba, kai muke jira! Kujerarka na ciki."

"Yi haƙuri 'yata, saura kaɗan in gama."

Sai da ya gama ɗin ya wanke hannu. Da aka shimfiɗa taswirar sabon kwalbati, ya ɗora yatsa ya ce, "Ranku ya daɗe, ruwan ba ta nan yake zuwa ba. In kuka sa shi nan, gida arba'in za su sha ruwa har taga, har da nawa." Kwamitin gaba ɗaya ya bi shi gada, aka karanta bango, aka sauya wa kwalbatin wuri.

Baba, kai ne ka shiga inda muke ƙyama, ka riƙe mana tarihin da muka ɗauka shirme ne. Mun ji kunya, mun kuma gode. Allah ya ƙara lafiya. Ku kuma jama'a, ko ba ku ɗauki shebur ba, ku daina cika masa kwata da leda, ku riƙe aikinku yadda ya riƙe nasa.

Makon jiya aka tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da ya ɗauke, Baba ya nufi gada da gwangwanin fentinsa. Muna zaune a ƙofar gida, ƙafafunmu a bushe, ya dawo yana dariya, gwangwanin bai ko buɗe ba.