Cikin da Yaya Rabi Ba Ta Ɗauka Ba

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayata Rabi, amma takabarta na fi tunawa, a Gyaɗi-Gyaɗi, wajen ƙarshen shekarun saba'in.

Haihuwarta ta biyar, duka mata, saura ƙiris ta tafi da ita. Likita ya ce kada ta kuskura ta sake. Mijinta, Malam Garba direba, da kansa ya riƙa kai ta asibiti a ɓoye ana yi mata allurar hana ɗaukar ciki. Maganin yana kama da sinadarin da jikin mai ciki ke yi, sai jiki ya daina sakin ƙwai, al'ada ta ɗauke, ko an daina ma takan jima ba ta dawo ba. Ana haka Malam Garba ya rasu a hatsarin mota.

Mahaifiyarsa, Inna Hajara, mace ce mai sa ido. Ta lura takaba ta yi nisa, Yaya ba ta yi fashin salla ko sau ɗaya ba, sai ta baza wa dangi albishir cewa ɗanta ya bar ciki, ƙila namiji. Da cikin ya ƙi fitowa aka ce kwanciya ya yi, aka hau ɗura mata jiƙe-jiƙe don a tashe shi. Mai ciki kuwa ba ta fita takaba sai ta haihu.

Gaba kura, baya sayaki. In Yaya ta yi shiru tana ɗaure, in ta faɗi gaskiya a ce ta yanke wa mamaci baya, shaidarta ɗaya kuma yana kabari. Ni daga Tarauni nake zuwa ina balbale ta da masifa a kan ta faɗi gaskiya, don ba a kaina dutsen yake ba. Tsoro ya hana ta barci, ta rame.

Ranar da ta tarar da tsohuwar tana ɗinka hular jariri, ta durƙusa.

"Inna, babu kowa a cikin nan. Allura ce, shi ya kai ni."

"Ashe sau biyu zan yi makokinsa," in ji Inna. Ba ta ƙara kiran sunan Yaya ba har ta koma ga Allah.

Yau da nake jin ana hirar tazarar haihuwa a rediyo da rana tsaka, nakan ce da Yaya na nan da ta yi murmushi, wataƙila kuma kuka. Har yanzu akwai dangin da ba su yafe mata ba. Ni dai na sani, albarkacin allurar, 'ya'yan nan biyar a hannun uwarsu suka girma, ba a hannuna ba. Allah Ya kai haske kabarinta.