Kanwar rumfata a jegon 'yata

Ni kanwa nake sayarwa. Ubana ma ita ya sayar, a wannan rumfar da nake zaune ciki yau a babbar kasuwar Garuwa. Daga wajen tafkin Cadi ake sauko mana da ita, Fulani su saya wa shanu, mata su sayi ta miya da ta kunun jego. Karatuna bai wuce allo ba, amma in ka miƙo mini kanwa, da yatsa biyu zan faɗa maka inda aka haƙo ta.

Babbar 'yata ta dawo gida haihuwar fari, yadda aka saba. Sai dai gidan babu uwa. Uwarta ta rasu tun yarinyar tana shekara goma sha biyu, wata biyu bayan haihuwarta ta ƙarshe. Kumburi ta yi, ƙafa da fuska, ga haki ko daga ɗaki zuwa madafa. Muka ce sanyi ne ya shige ta, aka ƙara wuta, aka ƙara kunu. Haka ta tafi.

Mijin 'yar tawa direban babbar mota ne. Ya ga jaririya, ya bar kuɗin sayayya a hannun matarsa, ya koma hanya sai ranar suna. Don haka na kira yayata daga Ngawundere ta zo ta yi wankan jego. Ita ta goye ni ina yaro, ita ta yi wa matata duk jegonta. Ban taɓa ce mata a'a ba, ko sau ɗaya.

Ranar kwana uku da safe aka aike ni kasuwa da saƙo biyu. Na Yaya da baki ne: itace amalanke guda, ganyen darbejiya, gero, ƙafar saniya, kayan yaji, hular ulu da safa na jaririya. Da ta zo kan kanwa sai ta yi dariya ta ce, "Wannan kam ba sai an roƙe ka ba."

Na 'yata a takarda yake, da Faransanci, don ta yi makaranta har lise, wato babbar sakandare. Ta miƙo mini ta labule, ta ce, "Baba, abin da ke ciki kawai. In sun ce ka ƙara wani abu, ka ce ba a aike ka ba."

Lokacin bazara ne, zafin Garuwa da ke sa kwalta ta kama takalmi. Na hau moto, babur ɗin haya, zuwa layin masu kayan jarirai, na ba wata mata takardar. Ta dube ni, ta dubi furfurata.

"Alhaji, barka! Amarya ce ta sauka?"

"Jika ce. Karanta kawai."

Ta fara fito da kaya. Gidan sauro ƙarami mai lanƙwasa. Ƙyallayen ɗaure jariri irin waɗanda ake wankewa, da ƙunshi ɗaya tak na waɗanda ake yarwa, don ranar zuwa asibiti. Riguna na auduga marasa hannu. Sabulu marar ƙamshi. Baho guda ɗaya. Matar ta jawo wani babban saiti, baho da bokiti da kwando da fo, duk launi ɗaya, ta ce shi ake yayi, 'yan barka shi suke fara dubawa. Na ce ba a aike ni ba. Ta kawo hoda da turare. Na ce ba a aike ni ba.

"Wannan 'yar taka a banki take aiki? Ko allura ba ta bari ta faɗi."

Sai ta kai ƙasan takardar, inda kayan mai jego suke. Audugar mata, da rigar nono mai buɗewa ta gaba. Ta ce lamba nawa? Na ce ke ma kin san ba tambayata ba ce. Na kira 'yata, na miƙa wa matar wayar, na juya baya ina kallon masu dako har suka gama. A raina na ce Allah ya jiƙan uwarta, wannan aikinta ne aka bar mini.

Abu na ƙarshe matar ta ce ba nata ba ne, sai farmasi, kantin magani. Injin awon jini ne, wanda ake ɗaura wa a dantse ya kumbura. Da na ji kuɗinsa na sake kiran gida. 'Yata ta ce ta sani. Atamfa biyu mijinta ya ce ta saya na fitar suna, ta fasa ɗaya.

"Uwata," na ce, don sunan mahaifiyata ta ci, "mai jego da zani ɗaya ranar suna? Dangin mijinki za su yi da mu."

"Su yi, Baba. Saya."

Na saya. Daga nan na bi ta rumfata, na buɗe buhun da ba na buɗe wa kowa, na zaɓo kanwa mai kyau, wadda ba ƙasa a jikinta. Wannan babu a takarda. Tawa gudummawar ce, kuma da alfahari na ɗauko ta.

Da la'asar Yaya ta dama kunu, mai kauri, kanwa ta ji har ya yi kore-kore. 'Yata ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta ce sai ya huce. Da Yaya ta zagaya wajen tukunyar wanka, 'yata ta kira ni bakin ƙofa, murya ƙasa-ƙasa. Ta ce tun tana da ciki jininta ke hawa. A asibiti an gargaɗe ta, ban da kanwa, gishiri kaɗan, ruwan wanka mai ɗumi ba tafasasshe ba. Ta nuna mini ƙafarta. Ta danna da yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba. Na san wannan ƙafar. Na taɓa ganin irinta a wannan ɗakin.

"Na ba ungozomar asibiti labarin ciwon Inna," in ji ta. "Ta ce ba ta gan ta ba, ba za ta ce ga abin da ya kashe ta ba. Amma ni dai kada in kusanci kanwa. Baba, ba zan iya faɗa wa Goggo ba. Kai ne ƙaninta."

Na ce to. Kuma ban faɗa ba. Kwana biyu ina fita kasuwa da sassafe, ina dawowa ina kauce wa tsakar gida. Ina zaune a rumfa, kanwa ta kewaye ni ta ko'ina, ina auna wa mutane, bakina ba daɗi. Ita kuma yarinyar tana juye kunun a bokitin wanki in Yaya ta ba da baya.

Rana ta uku na dawo sallar azahar na tarar asiri ya tonu. Yaya tana tsaye a kanta da ƙwarya.

"Shanye a gabana. Ni za ki yi wa wayo? Wanda ya riga ki kwana zai riga ki tashi. Kin sayo inji kina ɗaura wa hannu safe da yamma kamar mai tsafi, ga jaririya ba hula ba safa, ga nono ba ya zuwa sosai. Da me zai zo in ba kunu?"

'Yata ta kai ƙwaryar baki. Idonta yana kaina.

Ban san lokacin da na shiga ɗakin ba, ni da ban taɓa shiga ɗakin jego ba. Na karɓe ƙwaryar. Na ce, "Yaya, likita ya hana."

"Likita ne ya haife ka? Uwarmu ta sha, ta haifi tara. Na sha. Matarka..."

Sai ta tsaya. Ta dube ni, ta dubi yarinyar, ta dubi ƙafar. Yaya ba wawiya ba ce.

"Au. Abin da kuke faɗa ke nan a bayana? Ni na dama mata, ni na kashe ta?"

"Ba wanda ya ce haka. Kwana ne ya ƙare. In ma da laifi, ni na kawo kanwar. Wancan karon ma ni na zaɓo ta da hannuna."

Ban taɓa faɗin wannan ba, ko ga kaina. Har yau kuma ban sani ba ko gaskiya ne. Mata nawa suka sha ta rumfata suna nan da jikokinsu? Amma wannan 'yata ce, ba zan gwada da ita ba.

Yaya ta ci gaba da wankan, sai dai ta riƙa sirka ruwan, tana ajiye bokiti da ƙarfi don in ji. Ta koma dama kunun gyaɗa da shinkafa. Ni kuwa ta daina amsa gaisuwata da suna, sai "lafiya" kawai. Ranar suna 'yata ta fito da atamfarta ɗaya. An yi magana, na ji da kunnena. Ƙafar ta fara saɓewa, kuma asibiti sun ƙara mata magani bayan ta kai musu abin da injin ya nuna.

Washegari Yaya ta ɗaure kayanta. Arba'in ta zo yi, kwana bakwai ta yi. Na roƙe ta, ta ce ta bar jikoki a gida. Wata maƙwabciyarmu Bafulatana ta ce za ta karɓi wankan.

Na raka ta tashar mota. Muka zauna a benci kusan awa guda ana jiran mota ta cika. Na sayo mata ruwan sanyi, ta riƙe ba ta sha ba. Da ta shiga ta zauna, sai ta turo gilashi, ba ta dube ni ba.

"Ka ce wa Bafulatanar nan ta riƙa ɗaure mata ciki da zani bayan wanka. Ko shi ma likitan ya hana?"

Na ce zan tambaya.

"Tambaya," in ji ta. Ta ja gilashin ta rufe.