Saniyar da Baffa Ya Ba Ni Aro

Shekarata ta farko a jami'a, a Yamai, da shida cikin ashirin na gama ta. Kowane fanni na leƙa, shida na nan tana jirana kamar ta san gidanmu. A ilimin ƙashi ma huɗu na samu, kuma ina zaton biyu daga ciki ladan kyan rubutu ne. Ni da na tafi da niyyar zama likita, sai aka ce mini dama ɗaya ta rage: jarrabawar shiga makarantar likitanci bayan hutu. In na faɗi, in naɗe tabarmata in koma gida.

Gida kuwa, ƙauyenmu na kusa da Gangara, shekarar babban fari ce. An yi shuka sau uku, sau uku rana ta cinye. Ƙarin baki ɗaya a gidanmu ba abin wasa ba ne, da sanin haka na durƙusa gaban Inna, mahaifiyata, na faɗa mata sakamako.

"Shida cikin ashirin?" ta ce. "To mi ne ne abin kuka? Bana wa ya shuka ashirin, shida suka hito mashi? Ai ka hi kowa noma a garin ga."

Ban yi dariya ba, don na san abin da ya kayar da ni. Ƙwarangwal ɗaya tak gare mu a makaranta, ɗalibai sun yi masa caa kullum, ni kuwa gajere ne. Gaskiyar magana kuma, tsoronsa nake ji. Duk lokacin da na matsa kusa, sai in kama karanta masa Ƙulhuwallahu maimakon in duba shi.

Amma a gida ƙashi ya fi hatsi araha. Ko'ina ka bi a daji, ga mushen shanu da jakuna rana ta busar. Sai dabara ta zo mini: ai ƙashi ƙashi ne. Na ɗauki buhu na shiga tsinta. Rumbunmu babu ko zangarniya a ciki, na mayar da shi ɗakin karatu. Cikin kwana uku gari ya ɗauka. Wasu suka ce boko ya taɓa mini kai. Wata tsohuwa ta zo da ƙwarya, wai ta ji ana romo a gidanmu. Karnukan garin kuwa suka naɗa ni sarkinsu, duk inda na sa ƙafa suna biye.

Abin da na harhaɗa a rumbun nan, Allah bai halicci irinsa ba. Kan jaki, ƙirjin bijimi, ƙafafun akuya uku, ta huɗun kuwa har yau ban san ta wace dabba ba ce. Ina tsaye ina alfahari da aikina sai ga Baffa ya leƙo. Baffa tsohon Bafulatani ne, aminin marigayi mahaifina, wanda fari ya share wa garke kaf. Tun da saniyarsa ta ƙarshe ta faɗi ba wanda ya ga haƙorinsa. Ranar nan ya kalli dabbata, ya kalle ni, ya zauna a ƙasa ya yi ta dariya har da hawaye.

"Ɗan lakol," ya ce, wato ɗan makaranta, "wanga dabba in ya tashi, ciyawa za ya ci ko mutane?"

Washegari ya zo da sandarsa ya ce in biyo shi. Muka yi tafiya har gindin wata aduwa, inda ya tara ƙaya ya rufe wani abu don kada karnuka su ja. Ya janye ƙayar a hankali. Jar saniyarsa ce, ta ƙarshen, ƙashinta fari fat, babu abin da ya ɓata.

Fulani na da wata al'ada da suke kira habbanaye. In abokinka ya rasa dabba, sai ka ba shi aron saniya ya riƙe har ta haihu. 'Ya'yan nasa ne, uwar kuma ya dawo maka da ita. Baffa ya dafa ƙahon ya dube ni, babu alamar wasa a fuskarsa.

"Habbanaye na ba ka, ba kyauta ba. In ta haihu ka maido mani."

Na so in ce, Baffa, wannan ai ta gama haihuwa. Na haɗiye maganata, muka kwashe ta a buhu uku.

Wata biyu Baffa yana koyar da ni a cikin rumbu, kuma ban taɓa gamuwa da malami mai tsanani irinsa ba. Ya ce makiyayi ba da ido yake sanin dabbarsa ba, da hannu ne. Sai ya ɗaure mini ido da rawaninsa, ya miƙo ƙashi. In shafa, in faɗi na ina ne, na dama ko na hagu, da wane yake haɗuwa. Shi ya faɗi sunan da Fillanci, ni in kwance rawani in nemo shi da Faransanci a littafina. In na kuskure, sanda ta sauka a ƙwauri. Haƙarƙari kuwa kullum da shi muke rufewa: goma sha uku a dama, goma sha uku a hagu. Na ƙirga su har na fi sanin su da yatsuna. Littafin yana da shafi a kan haƙarƙarin mutum, amma me zan karanta a abin da na riga na sani? Na tsallake shi.

Ranar jarrabawar baki, malamai uku ne zaune a buro, wato ofis, na tsakiyar wani tsohon farfesa mai furfura. Ya turo mini jaka ya ce in sa hannu in faɗi abin da na taɓa. Kai, kamar an ce wa kare ga ƙashi! Na rufe ido, na shiga zubo su. Wannan na cinya ne, na hagu. Wannan allon kafaɗa. Wannan ya taɓa karyewa ya ɗore. Ƙananan ƙasusuwa ne, siffarsu ta ɗan bambanta da ta na saniya, amma hannuna ya gane hanya. Na buɗe ido na ga suna kallon juna.

Sai farfesa ya nuna ƙwarangwal ɗin da ke tsaye a kusurwa, tsohon abin tsorona, ya ce in yi bayanin ƙirjinsa. Na matsa da ƙarfin gwiwa, na ƙirga. Goma sha biyu. Na sake ƙirgawa. Na zagaya ɗaya gefen, nan ma goma sha biyu. Tausayinsu ya kama ni, manyan malamai ana cutarsu ba su sani ba. Na rage murya na ce:

"Farfesa, ku yi haƙuri, biyu sun ɓata. Ina jin karnuka ne. Da kun rufe shi da ƙaya."

Ɗaya malamin ya kifa kai a tebur. Ɗayan ya fita waje, ina jin dariyarsa har tsakar gida. Ni dai na san ta ƙare, na fara tunanin fuskar Inna da tukunyarmu. Farfesa bai yi dariya ba. Ya cire tabarau ya tambaye ni inda na samo goma sha uku. Na faɗa masa komai: rumbu, rawani, sanda, jar saniya.

"Shanu nawa gare shi kafin fari?" ya tambaya.

"Ban sani ba, Farfesa. Bafulatani ba ya faɗin yawan shanunsa. Amma yanzu ko ɗaya babu."

Ya daɗe yana kallon takardata mai shida da huɗu. Sannan ya ce mutum goma sha biyu gare shi, in riƙe wannan, tun kafin in buɗe cikin wani in shiga neman na sha uku.

Da aka liƙa sunaye, nawa ne na ƙarshe, can ƙasa inda takarda ta fara naɗewa. Sai da na durƙusa na gan shi.

Hutu na zagayowa na kwashe buhunan nan uku na nufi bukkar Baffa. Na tarar ya ƙara ramewa. Na sauke su gabansa, na ba shi labari tun daga jaka har ƙaya. Da ya ji mutum sha biyu gare shi, ya girgiza kai ya ce dama ya daɗe yana zargin nagge, wato saniya, ta fi mutum cika. Sannan ya kwance buhu, ya rufe ido, ya bi haƙarƙarin ɗaya bayan ɗaya da yatsunsa. Ashirin da shida, babu wanda ya ɓata.

"To, ta haihu?" ya ce.

"Ta haihu, Baffa. An ɗauke ni."

Ya jawo ƙahon ya ɗora a cinyarsa yana shafawa, kamar yadda na sha ganin yana yi lokacin da take da rai. Ni da na zo da labarin dariya, sai na zauna gefensa ina kallon hannunsa.

"Madalla," ya ce. "Ɗan naka ne. Bar mani uwar."