Kullen da Yayana Ya Bari

Bayan sadakar arba'in ɗin yayana na koma shagonmu na Tudun Wada. Ni gyaran kwamfuta na koya. Shi ne mai rubuta manhaja, ni kuma in gwada. Ya bar aiki ɗaya bai gama ba: shafin da manoman wata ƙungiya za su yi rajistar taki kafin damina. In shafin ya kasa, wasu ruwa zai sauka ba su samu ba.

Gwajin nauyi ne ya rage. Akan sa kwamfuta ta yi kamar jama'a sun shigo lokaci guda, a ga ko shafin zai jure. Da mutane kaɗan lafiya lau yake tafiya. Da na ƙara sai ya tsaya cak, injin kuwa ko ɗumi bai yi ba.

Abokiyar aikinmu, 'yar Filato da ta girma a Unguwar Rogo, ta leƙo tana fifita da kwali.

"Malam, injin nan naka azumi yake yi?"

"Ba shi cin komi, ba shi motsi," na ce.

"To duba su wa ke jira, da abin da suke jira. Haka Oga, yayanka, yake yi."

Na fito da halin da kowane zare yake ciki. Zare shi ne ɗan ma'aikacin da ke karɓar buƙatar mutum guda a cikin manhaja. Kusan dukansu suna tsaye gaban kulle ɗaya, wato shingen da ke hana zare wucewa sai na gabansa ya gama. Yayana ya ɗora kullen a kan lambar waya don kada wani ya yi rajista sau biyu, kuma ba a sakin lamba sai saƙon tabbatarwa ya fita. A birni wannan daidai ne. Amma manoman nan 'yan ƙauye ne, inda unguwa guda kan ba da lambar mai cajin waya. Mutane da yawa, lamba ɗaya, kowa na jiran saƙon wani.

Gyaran ba wuya: a mayar da kullen kan katin kowane manomi, a cire aika saƙo daga cikinsa. Sai dai layukan manhajar da zan goge su ne na ƙarshe da yayana ya rubuta kafin a kwantar da shi asibiti. A gefen kowanne akwai sunansa, kuma duk wanda ya taɓa layi, nasa sunan ke hawa wurin.

Na zauna har aka kira La'asar ban taɓa komai ba. Da na dawo daga masallaci na tarar ta jawo kujerarta kusa da tawa.

Na goge layukan, na rubuta nawa, na sake gwajin. Zarurrukan suka riƙa wucewa ba mai tsayawa.

"Ya tafi," in ji ta, a hankali.

Na ce, "Na gani." Sannan na fita waje na tsaya bakin titi, don ba na son ta ga fuskata.