Tsuntsun da Ya Ari Fiton Baban Iya

Bari in fara da laifina, tunda ba wanda zai kai ni gaban alƙali. Ina ɗan shekara goma sha biyu na laɓe a bayan rumbunmu da sassafe, na yi fito, na sa kakata Iya Mairo ta yarda cewa wani tsuntsu ya biyo ta daga garin da ruwa ya cinye. Don dariya na yi. Dariyar ban same ta ba, sai aikin shekara uku da na ja wa kaina.

Gidanmu yana wani ƙauye a ƙasar Tudun Wada, amma Iya ba ta taɓa kiransa gida ba. "Nan da aka ajiye mu," haka take cewa. Garinsu na asali yana ƙarƙashin ruwan madatsar Tiga. Tana amarya aka kwaso su a babbar mota, da tukwane da awaki.

A lokacin kaka take ba mu tatsuniya, bayan an wuni ana ɓarar masara. Ana idar da magariba, a ci tuwo, mu zube a gefen murhu kamar buhunan da aka sauke daga kura. Ƙanwata Bilki takan yi barci da loma a hannu. Ita kanta Iya in za ta zauna, ƙarar gwiwoyinta sai ta tashi kajin maƙwabta. Ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa ke yi. Tari biyu za ta yi, ta tura itace cikin wuta, an fara ke nan.

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta tsuntsun da mutanen garinsu ke kira ɗan farar hula. Wai ranar da aka raba tsuntsaye gida-gida, shi ya makara, yana can bakin rafi yana wanka. Ya je gidan kurciyoyi, suka ba shi masauki kwana biyu, suka ce ƙirjinsa ya yi ja da yawa, ba nasu ba ne. Ya je gidan kanari, suka ce ya cika girma. Gidan hankaki kuwa ko ruwa ba a ba shi ba. Duk gidan da ya kwana sai ya fito da waƙarsu a bakinsa, don ita kaɗai ce ba a iya ƙwacewa a ƙofa. Yana yawo har furfura ta fito masa tun yana yaro. Da ya gaji, ya shige duhuwar kurmi ya zauna, yana rera waƙar kowa.

"To tasa waƙar fa, Iya?" in ji ni.

"Kai dai maigidan nan ka cika tambaya, ga shi ko kuɗin cefane ba ka bayarwa. Tasa ke nan. Wanda aka tasa sau da yawa, abin da ya ɗebo shi ne nasa."

Rannan ta ƙara da abin da ba tatsuniya ba. Ta ce babanta yana da wani fito da yake kiran 'ya'yansa da shi daga fadama, kuma tsuntsun nan ya koye shi tsaf. Sau da yawa sukan yar da kwando su sheƙo gida, su tarar baba yana barci, ashe ɗan farar hula ne a kan tsamiya. Mace ba ta yin fito, don haka da hanci ta yi mana shi. Bilki ba ta ji ba. Ni kuwa kunnena in dai abin tsiya ne, ba ya mantuwa.

Kwana uku ina gwadawa a gona. Ranar huɗu na laɓe, na saki. Ina jiran ta ce "wane ja'iri ne," in fito ina birgima. Sai na ji buta ta faɗi. Na leƙa, na ga Iya tsaye a tsakar gida, alwala rabi, hannu a ƙirji.

"Ya zo," ta ce a hankali. "Ashe bai nutse ba."

Na kasa fitowa. A ranar ta wanke wani kasko ta cika shi da ruwa, ta ajiye a gindin mangwaro. Kullum da safe ta ja tabarma ta zauna tana jira. In aka yi mako ba ta ji shi ba, ko kokonta ba ta shanyewa, da yamma kuma babu tatsuniya, sai ta ce bayanta na ciwo. Haka na zama tsuntsu. Sanyi, damina, mura, duk ina bayan rumbu. Sauro ya sha jinina da ya isa a ƙara wa mutum uku a asibiti. Na gaji iyakar gajiya, amma in na tuna yadda za ta kalle ni in na faɗa, sai in ga gara sauron.

Ina aji ɗaya a babbar sakandare malamin bayoloji ya ce kowa ya zaɓi halitta ɗaya, ya rubuto danginta da sunanta na kimiyya. Na kwatanta masa tsuntsun Iya: ƙirji ruwan lemo, fuska baƙa, fari a tsakar kai, mai kwaikwayon kukan wasu. Ya lalubo hoto a wayarsa, ya ce akwai shi a duhuwoyin bakin rafi ta wajen Doguwa. Sunansa Cossypha niveicapilla. Na farkon daga Girkanci aka ɗauko, sunan wani baƙin tsuntsu mai waƙa na can ƙasarsu. Na biyun Latin ne, wai mai gashin kai kamar dusar ƙanƙara. Ya ce da can masana sun lissafa shi a dangin da suke kira Turdidae, daga baya da suka binciki ƙwayoyin halittarsa suka mayar da shi Muscicapidae, dangin masu cafkar ƙwari.

Na dawo gida kaina ya kumbura, da ƙyar na shige ƙofa. Bayan tuwo na karanto wa Iya duka, har da gyara murya.

"Dusar ƙanƙara?" ta ce. "Shi da ko firji bai taɓa gani ba?" Ta dubi wuta. "Ka ce su ma sun tashe shi daga wani gida zuwa wani?"

"A littafi ne kawai, Iya."

"Mu ma a littafi aka fara. An tambaye shi?"

Na ce ban ji an tambaye shi ba. Ta gyaɗa kai kamar wadda aka ba labarin da ta daɗe da sani. Ban san me ya ingiza ni ba, sai na ji bakina yana cewa, "Iya, ni ne. Tun farko ni ne a bayan rumbu."

Nan take na fara lissafin ta inda zan gudu.

"Ranar farko ka kama ni," ta ce. "Wannan kam sai Allah ya saka mini. Amma maigida, wane tsuntsu ne yake tari in ya yi mura? Kuma ƙarshen fiton kana ɗaga shi sama. Baba saukar da shi yake yi. Matso."

Ta yi da hanci, ina bi da baki, har sau bakwai, kafin ta ce ya yi. Na tambaye ta me ya sa ba ta tona ni ba. Ta ce duk waɗanda suka san fiton nan sun mutu, ita kuma ta gaji da riƙe shi ita kaɗai.

A takardar da na kai makaranta na rubuta sunan Latin da dangin, a ƙasa na ƙara tatsuniyar. Malam ya ja mata jan biro, ya rubuta "ba a tambaye ka ba." Da gaskiyarsa. Amma yanzu in na duba sunan nan mai tsawo, ina ganin ya faɗi launin kan tsuntsun, ya faɗi gidan da aka ajiye shi, bai faɗi abin da ya ɗebo a hanya ba. Wannan sai a wajen wanda ya taɓa jin kukansa.

Iya ta rasu a daminar bara. Ni har yau ban ga ɗan farar hula da idona ba, sai a waya, kuma bai taɓa sauka a gidanmu ba. Kaskon yana nan a gindin mangwaro. Bilki ke zuba ruwan, kaji ke sha.