Ganyen Tsaron Tulun Gwaggo Halimatu

To kai ka taɓa shinshina tulun da hunhuna ta kama? In ba ka taɓa ba, yi shiru in ba ka labarin Gwaggo Halimatusa'adiya, yayar babana.

A Dodoru ta ƙasar Gwandu aka haife ta, aure ya kai ta Kalgo. Shekara talatin irin albasarta ba ya ruɓewa. Na kowa damina ta yi masa farin gashi, nata garau. Sirrin wani ganye ne da uwarta ta nuna mata tun tana ƙarama. Duk watan Agusta sai ta fita bayan gari ta tsinko, ta shanya a inuwa, ta daka, ta cakuɗa da irin a cikin tulu. Sunan ganyen? Ba ta sani ba. Tsaron tulu take ce masa, haka uwarta ke cewa. Ido ya san shi, baki bai san shi ba.

Bana mijinta, Baba Ɗalha, ya rasu a watan Yuni, ta shiga takaba. Wata huɗu da kwana goma. Wansa, Baba Hassan, ya shimfiɗa tabarma a zaure ya ce a gidansu mai takaba ko ƙofa ba ta leƙawa. Shi ne aka turo ni daga Dodoru in taya ta zama.

Ruwa kullum, bango ya jiƙe. Ta buɗe tulun, ta rufe.

"Mubaraka, ɗiyata, za ki daji. Ganyen siriri ne, bayansa toka-toka, in kin murza yana warin tsohon kwando."

"Gwaggo, wane irin kwatance ne wannan? Ni kwando nake shinshina a gida?"

"Bakinki ya fi ƙafarki sauri. Tashi."

Na kawo sabara, ta ce wannan na mai jego ne. Na kawo dogon yaro, ta ce ko akuya ta san ba shi ba ne. Na ɗauko hotuna a waya sun fi ashirin, ta ce ita da hanci take ganewa, waya tana da wari? Na tambayi masu magani a kasuwar Kalgo, duk suka ce ba su taɓa jin tsaron tulu ba.

Na je na durƙusa gaban Baba Hassan. Na ce a bar ta ta fita rabin yini, ni zan raka ta.

"Yarinya, iri ana saye. Abin da mutane za su ce ba a wanke shi."

Wannan irin ba na kasuwa ba ne, na uwarta ne, kuma da shi take ci duk shekara.

Jiya Gwaggo ta zuba irin kaɗan a tafin hannu. Gefe ya fara fari. Saura kwana hamsin ta fita takaba, wurin ganyen kuma daga nan ko tafiyar awa ɗaya bai kai ba. Yanzu ta daina aike na. Tana zaune da tulun kusa da ƙafa.

Da uwarka ce, za ka buɗe mata ƙofar ko za ka tsare ta?