Tokar Da Inna Ke Zubawa A Masai

A lokacin da abin nan ya faru ni ɗan kasuwar hatsi ne a Gaya, kasuwa ta fara yi da ni, kaina kuma ya fara rawa. Ina da saurin fushi, kuma ina cikin mutanen nan da idan sun yi alheri suke so a gani a yaba. Mahaifiyata, da muke kira Inna, tana gidanmu na gado a Kademi tare da ƙanina da matarsa. Ciwon gwiwa ya matsa mata, tsugunno ya zame mata aiki, sai na kai magina suka yi mata banɗaki irin na birni, da masai na zama da sokawe a bayan katanga. Ranar da aka gama na sa aka cike tsohuwar salgar gidan. Inna ta roƙe ni in bar ta ko don baƙi, na ce ƙauyanci ya ƙare a gidan nan.

Ba a daɗe ba ƙanina ya bugo waya wai masai ya toshe. Na je na zuba tafasasshen ruwa da omo, ya ɗan wuce, na dawo ina ganin na gama. Kafin a ce me ya sake cika. Na sayo soda na zuba, na zura waya, na zura gora da tsumma a bakinta, duk a banza. Na zargi magina da ha'inci, na zargi matar ƙanina da jefa ƙyallaye, baiwar Allah har da kukanta. Wari ya kai har zaure, amma abin da ya fi ci mini rai shi ne tsiyar da abokai suka fara yi mini, wai masai ɗan birni ba ya ɗaukar tuwon dawa.

Daga ƙarshe na ɗauko mai gyaran famfo daga Gaya. Ya haƙa, ya fasa fayif daidai inda ya lanƙwasa, sai ga wani abu ya daskare a ciki kamar siminti. Toka ce da yashin murhu. Ashe kowace safiya Inna na ɗebo toka a kasko ta zuba, kamar yadda ta saba yi wa salga tun tana amarya don kashe wari da ƙuda. Sannan ta bi da ruwa rabin buta, domin a wurinta tuttular da bokiti guda na ruwan da aka ɗauko a ka almubazzaranci ne. Tsafta take yi mini, ni kuwa idona ya rufe. A tsakar gida, gaban mai gyara da surukarta da maƙwabtan da suka shigo kallo, na ɗaga mata murya. Na ce ta mayar da dukiyata juji, in ba ta iya ba ta bar wa waɗanda suka iya. Ta ɗauki kaskonta ta shige ɗaki.

Aka gyara masai, bai ƙara toshewa ba, ni ma ban ƙara tambaya ba. Ban sani ba, tun daga ranar Inna ba ta sake taka banɗakin ba. Gidan wata aminiyarta take zuwa can ƙarshen lungu, tana dogara sanda, ta kuma rage ci da sha don kada zuwan ya yi yawa. Ta ja wa surukarta kunne kada a faɗa mini. Ina ganin tana ramewa, ina ta sayo mata maganin ƙarin jini. Wata safiya cikin damina, bayan an sha ruwa, santsin kwatar lungun ya kwashe ta, ƙashin ƙugunta ya karye. Mun je asibiti, mun je wurin masu ɗori, amma Inna ba ta ƙara tsayawa da ƙafarta ba.

A asibitin ne matar ƙanina ta faɗa mini komai. Na durƙusa a gaban gadon zan nemi gafara, sai Inna ta riga ni, wai in yafe mata ɓarnar da ta yi mini, ba ta san abin ba ya son toka ba. Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Na san ta yafe mini, amma har yau idan na tuna sai in ji na tsani kaina.

Ko sau ɗaya ban zauna na nuna mata yadda ake amfani da abin ba. Kawowa na yi kawai, na kuma rufe mata hanyar da ta sani. Don haka duk wanda zai kai wa tsofaffinsa irin wannan masai, don Allah ya yi musu bayani a tsanake: ba a zuba masa toka ko ƙasa ko tsumma, kuma ruwa yake so da yawa, sai a tanadar musu. Kada ya yi gaggawar cike salga. Idan ya toshe kuma, ya tambaya a keɓe, ya riƙe bakinsa. Fayif ɗin da na yi wa mahaifiyata tsawa a kansa, kafin la'asar aka sauya shi. Ita kuwa a kwance ta ƙarasa kwanakinta.